Mai Tanderu Ya Daina Cin Gurasa

Shekara talatin da ɗaya Tamaz
yana zura rabin jikinsa cikin tanderu
a wani lungu na Tibilisi,
ƙarƙashin benen da barandarsa ta karkace,
yana manna ƙullu a bango mai zafi.
Gashin damtsensa tuni wuta ta lashe.

Ran da muka dawo daga binne wansa Guram,
wanda ciwon daji ya cinye wa hanji cikin wata bakwai,
sai ya ture kwandon gurasa gefe.
Ya ce, "Eteri, an ce abin nan sukari yake ci.
Zan kashe shi da yunwa tun bai iso ba."

Daga ranar, ba shinkafa, ba dankali,
ba inabin da ke reto a kan ƙofarmu.
Hatta waken da nake dafawa a tukunyar ƙasa
ya zama abokin gaba.
Man shanu a cikin kofi,
ƙwai huɗu, cuku, kitse mai ƙara a kasko,
kyafaffen nama da gishiri ya ratsa.
Ya sayo ɗan sikeli ya ajiye kusa da gishiri,
yana auna loma kamar mai sayar da zinari.

An ce tsoro na daji ne.
Mu namu dajin ya biyo mu har ɗaki,
ya ja kujera ya zauna a wurin Guram.

Gaskiya, tumbin ya sauka.
Ya ƙara huda biyu a ɗamararsa,
yana hawa matakala ba haki.
Amma da asuba ina jin sa
yana shaƙar ƙamshin gurasar farko
kamar mai leƙen gidan da ya sayar.

Na ja shi wurin likita Nestan,
doguwa, mai tabarau a tsakar ka.
Ya tambaye ta kai tsaye: "Yana karewa ko ba ya karewa?"
Ta juya biro a yatsunta.
Ta ce, "Da na sani, da na rubuta a bango.
An gwada a kan ɓeraye:
wani ƙarin ya lafa, wani bai ko kula ba.
Kai kuma ba ɓera ba ne.
A kan mutane, lissafin bai kammala ba tukuna.
Rage ƙiba, wannan na yaba.
Amma jini ba ya rabuwa da sukari,
ko ka hana baki, hanta za ta ƙera.
Kyafaffen naman nan kuwa, shi muna da shaida a kansa,
kuma hanji na son wake da dusa.
Kada garin gudun gara ka faɗa gidan zago."

Sai ta dubi aljihun rigarsa,
inda kwalin taba ya yi kusurwa.
Ba ta ce komai ba. Ta daɗe tana duba.
Ta rubuta masa ranar da za a leƙa hanjinsa da na'ura,
saboda Guram,
saboda jini ɗaya ne.

A hanyar gida, kan gadar kogi,
ya ce, "Kuɗinmu ta ci ta ce ba ta sani ba."
Na ce, "Wanda ya ce maka ya sani, nawa ya ci?"
Bai tanka ba har muka wuce masu sayar da tsofaffin agogo.

Yau sati uku.
Sikelin na nan. Man shanun na nan.
Takardar likita na manne a firji, an zagaye sha tara ga wata.
Kwalin tabar ya koma saman kabad,
ban ce ya bari ba, na ce ya koma sama.

Jiya na ɗora wake, ban tambaye shi ba.
Ya ci cokali biyar, yana kallon taga.
Gurasar kuwa ya ɗauka, ya karya mata hanci,
ya riƙe, tana hayaƙi a tafinsa,
har ta huce.